Waɗanda suka karanci tsimin wuta a gine-gine, me kuka tarar?

Autar Hajiya: Assalamu alaikum. Na gama digirin farko a injiniyan lantarki, ina so in yi na biyu a fannin tsimin makamashi a gine-gine da daidaita lokacin jan wuta. A gida sai zolayata ake yi, wai zan je jami'a koyon kashe fitila. Don Allah yayyena da suka bi ta nan, me ake koyarwa, kuma ana cin abinci da shi?

Mai Mita: Wa alaikumus salam ƙanwata. Zangon farko lissafi ne zalla, yadda zafi ke ratsa bango da kwano da gilashi. Daɗin yana wajen aikin fili. Mu ɗakin kwanan ɗalibai aka ba mu, muka bi ɗaki-ɗaki muna rubuta duk abin da ke jan wuta, da wat ɗinsa, da awannin da yake aiki. Kowa fitila yake zargi, alhali ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Masu cin wutar su ne hita da rishon lantarki da dutsen guga. Hita ɗaya mai wat 1,000 ta fi irin waɗannan ƙwayaye 100 jan wuta. Kuma duk bayan magariba ake jona su a tare, shi ya sa a lokacin ne transfoma ke yin zafi har fis ya ƙone. Daidaita jan wuta ke nan a taƙaice: yawan abin da aka sha daban, lokacin da aka sha shi daban. Shawarar da muka bayar ita ce a riƙa tura ruwa tanki da hantsi, lokacin da ɗalibai ke aji. Ko kwabo ba ta ci ba.

Akitek Binta: Ni daga ɓangaren zanen gini na shigo. Auta, ki nemi dokar tsimin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 da tallafin hukumar GIZ ta Jamus. A ciki an ce faɗin tagogi kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na bango, idan ya wuce sai an yi musu inuwa, kuma a sa abin tare zafi a rufi. Da na karanta sai na ga magina sun daɗe da sanin wannan. Ki shiga Gidan Makama a Kano da azahar a watan Afrilu. Bango mai kauri na ƙasa yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa ciki sai dare, tagogi ƙanana, rufin azara da ƙasa. Na auna zafin wani soro da na ɗakin bulo mai kwano ba silin a unguwa ɗaya, na bulon ma ban iya daɗewa a ciki ba. Abu mafi arha da na koya shi ne a juya gini dogayen bangayensa su kalli kudu da arewa, don rana ta yamma ita ce mai dukan ɗaki.

Ɗan Kwangila: Hajiya Binta, da girmamawa, wa zai ba ki aikin gidan ƙasa yau? Alhaji gilashi yake so daga sama har ƙasa, irin wanda ya gani a Dubai. Dokar kuma sai jiha ta ɗauka ta tilasta take aiki. Ni ban taɓa zuwa neman izinin gini an tambaye ni faɗin taga ba.

Akitek Binta: Ban ce a koma tubali ba, Injiniya. Ka nuna wa Alhajin yawan esin da gilashin zai ja masa, da girman janaretan da zai ɗauke su, da man gas na wata. Da kansa zai ce a rage.

Bayamaye: Gaisuwa daga Yamai. Jami'armu sunan Farfesa Abdou Moumouni take ɗauke da shi, masanin makamashin rana, don haka sola ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Amma da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, ta shiga rabon wuta unguwa-unguwa, sai darasin ya fito daga allo ya dawo gida. Wahalar da na sha a karatun ita ce yawancin littattafan daga Turai suke, rabin shafukansu kan ɗumama ɗaki ne. Mu sanyaya shi muke nema. Manhajar EnergyPlus, wadda ake lissafa makamashin da gini zai sha da ita, kyauta ce, tana da kyau, sai dai tana ɗauka wuta ba ta ɗaukewa, kai za ka gaya mata awannin janareta.

Mai Mita: Batun cin abinci kuwa, tun Afrilun 2024 da NERC, hukumar kula da lantarki ta Najeriya, ta ɗaga kuɗin rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya, masu otal da asibitoci masu zaman kansu suka fara neman wanda zai duba musu bil. Masu sayar da sola ma suna buƙatarmu. Ko tashar sola ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, sai da aka lissafa lodin jami'ar, wato yawan wutar da take ja, kafin a san girmanta. A gidaje haka yake: ki rage lodi tukuna, batirin da za a saya ya ragu.

Autar Hajiya: Na gode ƙwarai yayyena. To wajen zaɓen makaranta fa, me zan duba?

Mai Mita: Ki je sashen da ƙafarki kafin ki sayi fom. Ki tambaya ko suna da na'urar da ake maƙalawa a allon wuta ta kwana tana rubuta lodi, da kyamarar ganin zafi, kuma ko ana bai wa ɗalibai su fita da su. Ki tambayi 'yan ajin ƙarshe wane malami ne ke fita fili. Sannan ki sayi mitar maƙalawa a wayar wuta taki ta kanki, ki fara da gidanku: firij, famfon bohol, dutsen gugar Hajiya.