Wane suna za mu ba monosayit da Hausa?

Ma'aikacin gwajin jini, Gadarif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan damina ne masu kala'azar, zazzaɓin nan mai kumbura saifa, ke yawaita a nan gabashin Sudan, kuma da yawansu manoma ne Hausawa. In na ce wa dattijo ƙwayar cutar ta shiga cikin "bala'im" ta ɓuya, sai ya gyaɗa kai don kunya, alhali bai gane komai ba. Ina son sunaye biyu da Hausa: na monosayit, wanda littattafanmu na Larabci ke kira wahida, da na makrofej, wato bal'am. Fararen ƙwayoyin jini ne na garkuwar jiki. Monosayit ya fi sauran fararen girma, yakan kama kashi 2 zuwa 8 cikin 100 nasu. A madubin gwaji, in an rina jinin, cibiyarsa, wato ƙullin da ke cikin ƙwayar, a lanƙwashe take kamar ƙoda, jikinsa toka-toka mai ɗan shuɗi.

Malamin makaranta, Kasala:
Wa alaikumus salam. Abin ai ba wuya. Larabawa sun ce wahidatun nawa, ma'ana mai cibiya guda, Turawa ma "mono" ɗinsu ɗaya yake nufi. Mu ce "mai cibiya ɗaya", shi ke nan.

Ma'aikacin gwajin jini, Gadarif:
Allah ya gafarta Malam, nan gizo ke saƙa. A cikin sauran fararen ƙwayoyin jini, limfosayit ma cibiyarsa ɗaya ce. Hatta nutrofil da ake ganin kamar cibiyoyinsa uku ko huɗu, guda ce ta rarrabu gaɓa-gaɓa. Sunan bai raba shi da kowa ba. Kuma wanda bai taɓa leƙa madubi ba, ina ruwansa da yawan cibiya?

Ɗalibar likitanci, Wad Madani:
Yaya, ni gani nake a bar siffarsa, a bi tarihinsa. A ɓargo ake haihuwarsa. Akwai uwar ƙwaya a can wadda daga ita duk jini ke fitowa, ja da fari. 'Ya'yanta sukan rabu gida biyu: gidan limfosayit daban, ɗayan gidan kuma shi ya ba da jajayen ƙwayoyi da nutrofil da monosayit. Kafin ya fito sai ya bi matakai, monobilas, sannan furomonosayit, sannan shi. In ya shiga jini ba ya daɗewa, kwana 1 zuwa 3 ne. Da zarar wani wuri ya yi rauni ko ya kumbura, bangon jijiyar wurin yakan yi danƙo-danƙo, sai monosayit ya riƙa mirginawa a kai yana rage gudu, ya manne, ya matse jikinsa ya kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bangon ya fita cikin nama. A can ne zai buɗe, ya ƙara girma, ya zama makrofej. Ralph van Furth da Zanvil Cohn suka bi wannan sawu a jikin ɓeraye a 1968, daga ɓargo zuwa jini zuwa nama. To jini hanya ce kawai a wurinsa. Me zai hana mu ce "ɗan ci-rani"?

Dattijo, Maiwurno:
'Yata, ɗan ci-rani da an yi ruwan fari yake ɗaure kayansa ya koma gida. Wannan da kika faɗa ai ba ya komawa ɓargo. Ya fi kama da kakanninmu da suka baro Burmi bayan yaƙin 1903 da niyyar gabas, suka iso bakin wannan kogi na Nilu suka kafa gari. Amma wannan zance ne, ba suna ba. Ku ba shi suna da aikinsa. Me yake yi in ya zauna?

Ɗalibar likitanci, Wad Madani:
Haɗiya, Baba. Ƙwayoyin cuta, matattun ƙwayoyin jiki, tsofaffin jajayen ƙwayoyi a saifa, ƙurar da ta shiga huhu, duk yana miƙa jikinsa ya kewaye su ya narkar. Ilya Mechnikov, Barashe, shi ya shahara da gano wannan a 1882 a Messina ta Italiya. Ya soka ƙayar fure a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, da gari ya waye ya tarar ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi. Ya sami kyautar Nobel a 1908.

Malamin makaranta, Kasala:
To "mahaɗiyi" ke nan. Sai dai jam'insa zai zama "mahaɗiya", wanda kunnen Bahaushe zai iya ɗauka wurin haɗiya ne, kamar mashaya da mahauta. Ga kuma mahaɗi na abinci a kusa. Ina ba da "haɗiyau", a kan awon mantau. Mantau ba wanda ya manta sau ɗaya ba ne, wanda mantuwa ta zame masa hali ne. Haɗiyau ma haka. Kuma ba ya bukatar jam'i.

Ma'aikacin gwajin jini, Gadarif:
Wannan ta zauna, Malam! Na gwada ta a baki: "Ƙwaron da ke yaɗa kala'azar ya cije ka da dare, can inda aduwa take da baƙar ƙasa mai tsagewa. Ya zuba maka ƙwayar cutar. Haɗiyau ya zo ya haɗiye ta, ita kuwa abin da take so ke nan, don ba ta narkewa. A cikinsa take hayayyafa har ya fashe, ta kama wasu. Saifa da hanta da ɓargo cike suke da haɗiyau, shi ya sa saifarka ta kumbura jininka ya ragu." Ko tarin fuka haka zan bayyana shi, don ita ma ƙwayarsa a cikin haɗiyau na huhu take fakewa. Saura monosayit. "Haɗiyau na jini"?

Ɗalibar likitanci, Wad Madani:
A'a, nutrofil ma yana haɗiya, kuma ya fi shi yawa a jini nesa ba kusa ba. "Uwar haɗiyau" kuma kada mu kuskura, don za ta koyar da abin da aka riga aka gyara. Shekara da shekaru an ɗauka duk haɗiyau daga monosayit yake. A 2010 Florent Ginhoux da abokan aikinsa suka nuna a ɓeraye cewa na ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kira maikurogiliya, tun tayi yana ƙarami suka fito daga jakar gwaiduwa, wata 'yar jaka da ke manne da tayin, kafin ma a yi ɓargo, kuma su ke sabunta kansu a inda suke. Na hanta da na huhu ma akasarinsu tun kafin haihuwa suka zauna. Na hanji ne monosayit ke ta cike gurbinsu kullum. Don haka ina cewa "ɗanyen haɗiyau". Sunan ya ce shi zai nuna ya zama haɗiyau, bai ce kowane haɗiyau ta nan ya biyo ba.

Dattijo, Maiwurno:
Ɗanye da nunanne kowa ya san su. Ni da ban yi boko ba na gane.

Malamin makaranta, Kasala:
Na yarda, da sharaɗi ɗaya. A takardar gwaji a bar monosayit yadda yake, da haruffan Hausa, don kada mara lafiya ya kai sakamako wani asibiti a rasa gane abin da aka rubuta. Ɗanyen haɗiyau na bayani ne da koyarwa.

Ma'aikacin gwajin jini, Gadarif:
Haka za a yi. Makrofej haɗiyau, monosayit ɗanyen haɗiyau. Akwai ɗan'uwansu da Ralph Steinman ya gano a 1973, wanda ke ɗaukar guntun ƙwayar cuta ya kai wa limfosayit ya nuna masa abokin gaba. Wani lokaci ɗanyen haɗiyau kan rikiɗe ya zama irinsa. Shi jikinsa duk rassa ne, ina kiransa "mai rassa" har sai wani ya kawo wanda ya fi.