Cinikin Mookie Betts: wauta Boston ta yi ko lissafi?

Kawu na Boston: Salamu alaikum jama'a. Jiya na ɗauki wani fasinja a bakin Fenway Park, filin ƙungiyar besbol ta Boston Red Sox, dattijo, da jar riga mai lamba 50 a baya. Tun daga nan har filin jirgi bai yi wata magana ba sai ta Mookie Betts, tsohon ɗan wasan ƙungiyar. Shi ya sa na ce bari in sake ɗaga maganar a nan. Ni dai a wurina, tun da Red Sox ta sayar wa Yankees ta New York shahararren ɗan wasa Babe Ruth a 1919 ba ta sake tafka asara irin ta Fabrairun 2020 ba. Yaron da kuka ɗauko da kanku a 2011, kuka raine shi, ya zama gwarzon American League (ɗaya daga manyan rukunai biyu na gasar) a 2018, ya ciyo muku World Series, babban kofin besbol, a shekarar, sai kawai ku miƙa shi ga Dodgers ɗin da kuka doke a wasan ƙarshe. Wanda yake da ja ya fito.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam Kawu. Ina da ja, amma da ladabi. Shekara ɗaya tak ta rage masa a kwantiragi, ta dala miliyan 27. Da kakar 2020 ta ƙare zai shiga kasuwa, kowa ya taya. In ya tafi haka, abin da Boston za ta samu bai wuce damar zaɓen matashi guda ba. Sannan ga harajin wuce iyaka: duk ƙungiyar da albashinta ya haura dala miliyan 208 a shekarar sai ta biya tara, kuma tarar tana ƙara nauyi in ka maimaita shekara bayan shekara. Chaim Bloom, shugaban harkar 'yan wasa na Boston a lokacin, watanni kaɗan ya yi a kujerar, ya tarar da bashin da wasu suka ci. Da babu ai gara ba daɗi.

Ɗan Anfield: Ni fa besbol ɗin nan a wurinku nake koya, amma mai ƙungiyar na san shi, John Henry ne, shi ne dai mai Liverpool ɗinmu. Kuma irin wannan cinikin mun ga amfaninsa. A Janairun 2018 aka sayar da Coutinho ga Barcelona, muka yi ta kururuwa a gidan kallo, a watan ne kuma Van Dijk ya zo, sai ga Alisson, sai ga kofin Turai a 2019. Wataƙila haka ya so yi.

Kawu na Boston: Ɗana, to ina Van Dijk ɗin namu? Nuna mini shi.

Yayar Bronx: Bari in taya Kawu ƙirga, ko da yake ni 'yar Yankees ce, ciwon Boston ba ya hana ni barci. Mutum uku aka ba su. Alex Verdugo, Jeter Downs, Connor Wong. Downs wasa 14 ya buga musu, suka sallame shi a Disamban 2022. Verdugo ya ɗan taɓuka, bayan kaka huɗu suka turo mana shi. Wong ne kaɗai ya zauna, yana cafe a bayan mai bugu. Abin da ya fi ba ni haushi da dariya lokaci guda, daren da Dodgers suka ɗauke kofin 2024 a gidanmu, Betts ne ya ɗaga ƙwallon da ta kawo maki na bakwai, aka tashi 7 da 6, kuma mutumin ƙarshe da aka fitar Verdugo ne, ya kai sara ya sari iska. Ina zaune gaban talabijin da shayi ya huce a hannuna. Duka ɓangarorin cinikin nan a fili ɗaya, kowa ya nuna farashinsa.

Malamin Lissafi: Yaya, wannan ihu ne bayan hari. Ranar da aka ƙulla cinikin Verdugo yana da shekara 23, da sauran shekaru biyar a hannun ƙungiya kan kuɗi kaɗan, kuma a 2020 ɗin lambar bugunsa ta kai .308, ta gwanaye. Downs kuwa yana cikin matasan da masu sa ido suke yabo. Ba a auna shawara da abin da ya faru bayan shekara huɗu, da abin da aka sani a ranar ake auna ta. Kuma kada a manta, a 2021 Boston ta ci wasa 92, saura nasara biyu ta shiga World Series Astros suka tare ta.

Kawu na Boston: Malam, Allah ya gafarta, ka faɗi 2021 ka tsallake maƙwabtanta. Na ƙarshe a rukuni a 2020, na ƙarshe a 2022, na ƙarshe a 2023. Shi kansa Bloom ɗin a Satumban 2023 suka kore shi. In aikin kirki ya yi me ya sa aka kore shi?

Bazazzagi: Ku ba ni wuri, don ina ganin duk kun bar inda gizo yake saƙa. Sunan da ba wanda ya ambata shi ne David Price. Boston ba Betts kaɗai ta bayar ba, ta ɗaura masa Price a wuya, mai jifan da suka ba miliyan 217 na shekara bakwai, saura miliyan 96 a kansa, kuma duk da haka suka yarda za su biya rabi. Duk wanda ya taɓa zuwa kara ya san wannan. In ka ce ba za ka sayar da bijimi ba sai an haɗa da gurguwar saniya, mai saye zai yarda, amma a kuɗin bijimin zai cire. Dodgers sun ɗauki kayan, don haka ba su taɓa manyan matasansu ba, Gavin Lux da Dustin May da Will Smith duk suna gida. Wato tun farko ba 'yan wasa Boston take nema ba, sauke nauyi take nema. Shi ya sa ni ba na kiran abin auna ɗan wasa. Akanta ne ya yi cinikin.

Malamin Lissafi: Wannan na karɓa, rabi. Amma bari in tambaye ku ɗaya rabin. Dodgers sun ba shi shekara 12, miliyan 365, har 2032, lokacin yana bakin arba'in. An haife shi a Oktoban 1992. Mutum ne marar girman jiki, wasansa ya dogara da saurin hannu da na ƙafa, abubuwan da shekaru suke fara ci. Albert Pujols ya isa misali: Angels sun ba shi miliyan 240 na shekara goma, ƙarshe sallamarsa suka yi a Mayun 2021 kwantiragin bai ƙare ba. Kuma a 2025 bugun Betts ya sauka ƙasa da .260, mafi rauni tun da ya fara. A 2018 .346 ne fa.

Ɗan Anfield: Malam a fassara mana. Mene ne .346 ɗin?

Malamin Lissafi: Cikin tsayawa dubu da sanda, sau 346 ya buga ta ya isa zango lafiya. Wanda ya kai .300 ma gwani ne. Akwai kuma ma'aunin WAR, mai ƙiyasta yawan nasarar da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiya a kan wanda za a ɗauko daga benci ya maye gurbinsa. Na Betts a 2018 ya haura 10, abin da ba kasafai ake gani ba.

Bazazzagi: To Malam ka kashe kanka da alƙalaminka. Mai irin wannan lambar yana ɗan shekara 25, shi ne ake ƙulla kwantiragin da aka san ƙarshensa asara ne, don farkonsa ya biya. Kuma ka dubi abin da suka riga suka girba. 2020, wasa na shida na World Series da Tampa Bay, ana cire mai jifansu Blake Snell, Betts ya buga mai zango biyu, ya sheƙo gida da makin da ya sa suka wuce gaba, ya dawo ya haurar da wata katanga, kofin farko tun 1988. 2023 ya haurar da 39. Sannan ga abin da lambar bugu ba ta nunawa: mutum ya tashi daga bayan fili na dama inda ya tara kyautar safar zinare ta gwanin tsaro har shida, ya koma tsaron tsakanin zango na biyu da na uku, wurin da ya fi ko'ina wuya a cikin fili, yana da shekara talatin da ɗoriya. A wasa na bakwai da Toronto a 2025 shi ya cafe ƙwallon ƙarshe, ya taka zango na biyu, ya jefa na ɗaya, aka fitar da mutum biyu, kofi ya tabbata. Kofi uku. Ko gobe ya ajiye sanda Dodgers ba su yi kuka ba.

Yayar Bronx: Na 2020 dai wasa 60 aka buga saboda korona, ku riƙa faɗa da ƙaramar murya.

Kawu na Boston: Ƙanwata, ke da aka ɗauke na 2024 a tsakar gidanku wace murya za ki yi? Ni abin da ya fi ci mini rai ma ba Betts ba ne. An ce mana an yi tsimi ne don a riƙe sauran. Xander Bogaerts ya tafi San Diego a Disamban 2022. Da mutane suka yi caa, sai aka ba Rafael Devers sama da miliyan 300, wanda ko kusa bai kai Betts tsaro ba, aka kuma zo aka tura shi San Francisco a Yunin 2025. Kuɗin da aka ce babu, ashe akwai.

Malamin Lissafi: Nan kam ba ni da abin karewa. Amma har yanzu ba wanda ya nuna mini cewa da sun ajiye kuɗin a gabansa zai zauna.

Kawu na Boston: Shi ma ba wanda ya nuna maka zai ƙi. Da ya dawo Fenway da rigar Dodgers a Agustan 2023, filin gaba ɗaya miƙewa ya yi ana tafi, ya cire hular kwano ya ɗaga. Ina cikin mota a rediyo na ji, sai da na faka.

Ɗan Anfield: Kawu, kenan mu ma da Trent ya tafi Madrid...

Kawu na Boston: Kai dai bari, wannan kuma taku ce. An kira ni, fasinja na jira, sai bayan isha'i.