Injin casar shinkafa: riba ta ja baya, in sayi na'urar tantance launi ko in dakata?

Ɗan Kadawa:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana harkar shinkafa. Ƙaramin injin casa muke da shi a yankin Kura, tsohon nan mai ƙarfe da ke ɓare buntu ya goge ƙwaya a tashi ɗaya, injin gas ke jan sa. Muna yi wa mutane casa su biya, muna kuma sayen shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba, mata su turara mana, mu casa mu kai Dawanau da Singa. A rana mukan yi kamar tan 2. Dillalai na rage mana kuɗi saboda karyayya da tsakuwa da baƙaƙen ƙwayoyi, ga tsadar gas. An ba ni shawarar in sayi na'urar tantance launi irin ta manyan kamfanoni, wai da ita tamu za ta yi kai ɗaya da 'yar waje. Abin da ke hannuna bai kai ba, sai an haɗa da bashin banki. In shiga ko in dakata? In dakatawa ce, daga ina zan fara gyara?

Bakaniken Sharaɗa:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka dakata. Na'urar tantance launi ita ce ta ƙarshe a layi, ba ta farko ba. Aikinta kawai ta fitar da ƙwayar da launinta ya saɓa. Ba ta haɗa ƙwayar da ta karye, kuma in shinkafa ta zo mata da datti da yawa sai ta riƙa zubar da mai kyau tare da maras kyau. Tana son iska busasshiya daga kwamfireso, tana son wuta tsayayya, ƙura kuma na rufe mata ido. A rumfar da tsohon inji ke tada ƙura, kullum cikin kiran mai gyara za ka kasance.

Kafin ka kashe ko kwabo, yi wannan gwajin. Auna shanshera turararriya kilo 100 a sikeli, ba da buhu ba, domin buhunan ba nauyinsu ɗaya ba. Casa ta, ka auna abin da ya fito. Sannan ka ɗebi gram 100 daga ciki ka zauna ka ware cikakkiyar ƙwaya da karyayya, ka auna kowacce. Maimaita haka a kaya daban-daban har kamar sau biyar, ka rubuta.

Ga abin da za ka kwatanta da shi. A shanshera mai tsabta, buntu kusan kashi 20 ne cikin 100, dusa kashi 8 zuwa 10, ƙwaya kusan kashi 70. Inji mai robobi biyu masu ɓare buntu, in aka saita shi daidai, kan ba da kilo 65 zuwa 68. Irin naka, wanda ake kira Engelberg, yakan tsaya wajen kilo 60 ko ɗan sama a turararriya, a ɗanya kuwa ƙasa da haka sosai, saboda ƙarfe ne ke murza ƙwaya da ƙarfi, wani sashe ya niƙe ya bi dusa. Mu ce bambancin kilo 5 ne kawai. A tan 2, kilo 100 ke nan kullum, wato buhu biyu na kilo 50 suna tafiya cikin shara. Ka lissafa da farashin yau.

Don haka tsarin sayayya shi ne: rariyar inji mai fitar da kara da ƙasa, sai injin cire tsakuwa, sai mai robobi irin su SB-10 ko SB-30, sai rariyar ware karyayya. Injin cire tsakuwa ne mafi gaggawa, domin tsakuwa ba farashi kaɗai take karya maka ba, ita ke cinye robobi tana kuma huda rariyar inji.

In ka koma mai robobi, abubuwa uku ke ɓata aiki. Tazarar da ke tsakanin robobin biyu ta zama kamar rabin kaurin ƙwaya. In ka matse da yawa ta karye, in ka saki da yawa shanshera ta wuce ba a ɓare ba. Ɗaya robar ta fi ɗaya gudu, don haka ta fi saurin cinyewa, a riƙa musanya musu wuri. Na uku, kar a gauraya iri. Sipi, wato FARO 44, siririya ce doguwa. In ka haɗa ta da mai kauri a casa ɗaya, babu saitin da zai dace da duka biyun.

Wata riba da mutane ba sa lissafawa: mai robobi na raba buntu da dusa. Dusar da ba ta gauraya da buntu ba tana da kasuwa wajen masu kaji da masu kiwon turka, ta tsohon inji kuwa kusan kyauta ake kwasa.

Hajiya Mai Turara:

Malam Bakanike ya yi bayani, Allah ya saka. Amma ni a ganina ko injin bai kamata ya zama na farko ba. Yawancin karyayyar da Alhaji ke gani tun a wajen shanya ta tsage, inji ƙarasa ta kawai ya yi. Ka sa sabon inji ka kawo masa shinkafar da rana ta fasa, abin da za ka samu ke nan.

Bari in bi aikin daki-daki. Da farko wanki: a zuba shanshera a ruwa, a kwashe duk abin da ya taso sama, domin marasa ƙwaya ne da waɗanda ba su nuna ba, kuma su ne ke zama baƙaƙen ƙwayoyin da dillalai ke ƙorafi a kai. A wanke sau biyu ko uku, a rege tsakuwar da ta kwanta a gindi. Mata da yawa na tsallake wannan saboda da buhu ake biyan su, ba da kyawun aiki ba. Alhaji, in kana son canji, ka ƙara musu wani abu a kan duk buhun da ya ci gwajin da Malam ya faɗa.

Sai jiƙo. Jiƙo a ruwan sanyi kwana biyu ko uku shi ke kawo warin nan da mutanen birni ba sa so, domin shinkafar tsami take yi. A ɗora ruwa ya yi zafi kamar digiri 70, ba tafasa ba, ya rufe shinkafar gaba ɗaya, a janye wuta, a rufe ta kwana, awa 10 zuwa 12. In jiƙon bai isa ba za ka ga farin ɗigo a tsakiyar ƙwaya, kuma irin wannan ƙwayar ce ke saurin karyewa.

Wajen turarawa, kuskuren da ya fi yawa shi ne shinkafa ta zauna cikin ruwa a gindin tukunya. Ta ƙasa ta dahu ta yi duhu, ta sama ba ta samu tururi ba, launi ya fito kala-kala. Maganinsa faifan ƙarfe mai huji-huji da ake sawa a cikin tukunya ko rabin duro, ruwa a ƙasa, shinkafa a sama, a rufe da buhun algarara da murfi. Wannan dabarar ce hukumar JICA ta Japan ta koyar a jihohin Nasarawa da Neja, kuma duk mai walda zai iya yi maka. Minti 20 zuwa 30 bayan tururi ya fito sama, da ka ga bawo ya fara tsagewa a mafi yawan ƙwayoyin, a sauke.

Shanya ce uwar aikin. A kan tamfol ko siminti mai tsabta, ba gefen titi ba, kaurinta kar ya wuce yatsu biyu, ana juyawa kamar kowane rabin awa. Kar a bar ta ta bushe ƙarau a rana ɗaya. Idan danshinta ya sauko wajen kashi 18, a tara ta a inuwa a rufe ta huta wasu awowi, ko ta kwana, sannan a ƙarasa a hankali zuwa kashi 13 ko 14. Dalili shi ne bayan ƙwaya na riga cikinta bushewa, in aka ci gaba da gasa ta a rana sai ta tsattsage. Lokacin hunturu da watannin zafi na Maris da Afirilu abin ya fi muni. Ka sayi ƙaramar na'urar auna danshi ta hannu, cizawa da haƙori ba ya raba 14 da 17.

Buntun da ke tare maka fili kuma makamashi ne. Murhun da aka gina don ƙona buntu zai rage kuɗin itace ƙwarai.

Malam Akanta:

Ni ta ɓangaren kuɗi zan shigo. Alhaji, sana'a biyu kake yi a rumfa ɗaya: casa kan kuɗi, da fataucin shinkafa. Ka raba musu littafi. Sau da yawa ɗaya ce ke ciyar da ɗaya mai shi bai sani ba. A littafin casa ka rubuta kullum buhu nawa aka yi, gas lita nawa, lada, gyara. Ka raba jimillar da yawan buhu, shi ne ainihin kuɗin casar buhu ɗaya. In abin da kake karɓa bai haura shi da kyau ba, aikin sa kai kake yi. Kar ka manta da ware kuɗin tsufan inji, ko da kaɗan ne a kowane buhu.

A wajen saye ma ana asara tun kafin a kunna inji. Shanshera kilo 100 mai danshi kashi 20, in ta bushe zuwa 14, kilo 93 za ta koma. Kilo 7 ruwa ka saya da kuɗin shinkafa. Na'urar da Hajiya ta ambata a nan za ta fara mayar da kuɗinta: ka auna a gaban mai kaya ku yi ciniki a kan haka.

Batun bashi kuwa. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa. Injin da za a saya da irin wannan bashi dole ya dawo da kuɗinsa da sauri, na'urar launi a kan tan 2 a rana ba za ta yi ba. In bashin ya zama dole don mai robobi, ka duba Bankin Masana'antu, ko murabaha a bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ, inda banki ke sayen injin ya sayar maka a kan riba sananniya. Dukkansu za su nemi rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da bayanan shige da ficen asusu, don haka cinikin ya riƙa bi ta asusun sana'a, ba aljihu ba.

Abin da ya fi kashe ƙananan injina shi ne a zuba duk jari a ƙarfe, kaka ta zo babu kuɗin shanshera. Kuma wannan kasuwa siyasa na juya ta. Rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya sa injina suka yawaita. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba, daga baya farashi ya sauko, waɗanda suka cika sito da bashi suka sha wuya. Yankinku na da girbi biyu albarkacin ruwan Tiga, na damina da na rani, saboda haka ba ka da dalilin tara kayan shekara. Na wata biyu zuwa uku ya isa, kuma da kuɗinka.

Ɗan Kadawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Zan fara da gwajin sikeli. Saura batun gas. Malam Bakanike, sola za ta iya jan mai robobi?

Bakaniken Sharaɗa:

Za ta iya, amma a yi lissafi. SB-10 na son mota, wato injin lantarki mai juya shi, mai kusan kilowat 11. Injin gas mai wannan ƙarfin na shan wajen lita 3 a awa in an ɗora masa kaya sosai. Janareta kuma kusan yunit 3 na wuta yake bayarwa a lita ɗaya, don haka in lita ₦1,200 ce, yunit ya tashi ₦400 kafin a sa baƙin mai da gyara. Wutar KEDCO ko a Band A, rukunin masu biya mafi tsada, da aka kai yunit ₦225 a Afirilun 2024 kafin a ɗan rage, ta fi wannan sauƙi. In layi mai fes uku na kusa da kai, shi ne na farko, ka riƙe injin gas don ranar da babu wuta.

In sola ce, kar ka sa batir, shi ke cinye kuɗin. Faifan sola na kilowat 15 ko sama, wato kamar guda 28 masu wat 550, da na'urar VFD mai tada mota a hankali. Ba tare da ita ba, mota na jan wuta kusan ninki shida lokacin tashi. Za ka samu aiki mai ƙarfi daga wajen ƙarfe 10 zuwa 3, sai ka tsara casa a wannan lokacin. Ƙurar hunturu da ta injinka za su rage ƙarfin faifan, a kafa su nesa da inda buntu ke fita, a riƙa wankewa. Amma tun kafin nan ka duba bel da filtar iska: bel mai santsi da filta toshasshiya na ƙara shan gas.

Na Singa:

Ƙari kaɗan daga ɓangaren masu saye. Ba sheƙi muke fara dubawa ba, abin da muke so buhun yau ya yi daidai da na makon jiya, kilo 50 ya cika 50. Ka ware karyayya ka sayar da ita daban maimakon cusa ta a tsakiyar buhu, ana sa bututu a gani. Karyayyar ɗanya na da masu nema don tuwo da waina da sinasir, ta turararriya ba ta kai ta kuɗi ba, ka san wannan kafin ka yanke wadda za ka fi casawa. In za ka buga sunanka a buhu ka shiga kantuna, sai da lambar NAFDAC. Ƙananan buhuna na kilo 25 da 10 da 5 sun fi tafiya yanzu wajen masu albashi. In wani babban mai saye ya dage sai an tantance launi, ka kai wa mai na'urar ka biya kuɗin buhu, ka ɗora a farashin wannan odar.