Me ya sa kunun zaƙi ba ya zaƙi idan aka zuba ƙullun dankali da zafi?

Ɗalibar Kimiyya:

Assalamu alaikum malamai. Mahaifiyata tana yin kunun zaƙi na sayarwa, kuma ƙa'idarta ita ce bayan an dama ƙullun gero da tafasasshen ruwa, sai an bar shi ya ɗan huce kafin a zuba ɗanyen ƙullun da aka niƙa da busasshen dankalin Hausa, sannan a rufe ya kwana. Makon jiya na yi gaggawa na zuba shi tururi na tashi, da gari ya waye sai na tarar da kunun ya yi kauri kamar koko, kuma babu zaƙi ko kaɗan. Malaminmu ya ce aikin sinadarin enzayim ne. Ina neman a fahimtar da ni yadda yake aiki, da kuma abin da ke tsayar da shi a cikin jikin mai rai.

Malamin Sakandare:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Malaminki ya faɗi gaskiya, kuma ƙa'idar Hajiya daidai take da ta ɗakin gwaji. Sitacin da ke cikin gero doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sukari da suka riƙe juna, shi ya sa harshe ba ya jin zaƙinsa. A cikin ɗanyen dankali, kamar yadda yake a tsiron dawa ko na shinkafa, akwai enzayim da ake kira amilas, wanda aikinsa shi ne ya riƙa tsittsinka wannan sarƙa zuwa guntayen sukari. Idan sarƙar ta tsinke sai kunu ya tsinke shi ma, zaƙi kuma ya fito. Irinsa ne a cikin yawunki, domin idan kika daɗe kina tauna lomar tuwo za ki ji ta fara zaƙi.

Enzayim furotin ne da ya naɗe kansa cikin wata siffa ta musamman, yana da ɗan gurbi wanda abu ɗaya ko danginsa kaɗai ke dacewa da shi. Bajamushe Emil Fischer ya kwatanta wannan da makulli da kwaɗo a 1894. Sitaci ya shiga gurbin, a yanke shi, ya fita, enzayim ɗin kuma ya karɓi na gaba ba tare da ya ƙare ba, wanda shi ne dalilin da ɗan dankali kaɗan ke isar babban bokiti. Ɗumi yana ƙara masa sauri, kuma amilas na dankali ya fi ƙwazo a wajen digiri 60. Amma zafin da ya kusa tafasa yana warware naɗin nan, gurbin ya lalace, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a tukunya ba ya sake komawa ruwa. Abin da ya sami kununki ke nan.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:

Malam ya gamsar a kan zafi, bari in taɓa rabin tambayar na biyu, wanda a ganina ya fi ban mamaki. Ƙwayar halitta ba za ta iya ƙona enzayim ɗinta duk lokacin da take son ya dakata ba, don haka tana da linzami iri-iri. Wani enzayim ɗin a ɗaure ake ƙera shi. Tumbi yana fitar da fefsin, mai narkar da nama, a siffar da ba ta aiki, sai ya haɗu da ruwan tsami na ciki sannan a gutsure masa wani yanki ya farka, in ba haka ba da ya cinye ƙwayoyin da suka ƙera shi.

Linzami na biyu shi ne abin da aka samar ya dawo ya tsayar da mai samar da shi. Wajen ƙona sukari domin samun ƙarfi akwai wani enzayim da ke tsaye a bakin hanya, kuma idan sinadarin ƙarfi na ATP ya yawaita, sai ya manne masa a wani gefe daban da gurbin aiki, siffarsa ta ɗan karkace, aikin ya ragu. Da zarar mutum ya fara gudu ko noma ATP ya yi ƙasa, sai ya sake shi. Magunguna da yawa ma ta hanyar tsayar da enzayim suke aiki: asfirin yana toshe enzayim ɗin da ke haɗa sinadaran kumburi da zugi ne.

Ɗalibar Kimiyya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malam, to me ya sa ake dafa rabin ƙullun tun farko, tunda zafi ɓarna yake yi?

Malamin Sakandare:

Saboda ɗanyen sitaci a dunƙule yake, amilas ba ya samun wurin kamawa sosai. Tafasasshen ruwa ne ke kumbura shi ya buɗe, don haka rabin da aka dama shi ne abincin, ɗanyen rabin kuma shi ke ɗauke da ma'aikacin. Ki gwada da kofi biyu, ɗaya ki zuba ƙullun da zafi, ɗayan bayan ya huce, ki ɗanɗana su da safe.