Neman kalma: wane suna za mu sa wa irin jirgin TER?

Mai fassara: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Akwai irin jirgin ƙasan da Faransanci ke kira train de banlieue, wanda Dakar ta sa wa TER, Paris kuma RER. In na ce "jirgin ƙasa" kawai, mutumin Maraɗi layin Kano zai kawo a ransa, mai kilomita 284 ɗin nan da aka aza harsashinsa a 2021, wanda aka tsara ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wancan na matafiya ne da manyan kaya. Wanda nake nufi aikinsa daban: ya kwaso ma'aikata da ɗalibai da ƴan kasuwa daga garuruwan kusa ya sauke su birni da safe, ya maida su gida da yamma. Tashoshinsa kusa-kusa suke, kuma ba a jiran ya cika, lokaci ya yi ya tashi. Na Dakar an buɗe shi a Disamban 2021, kilomita 36 zuwa Diamniadio. Da a nan ne, ku ɗauka layi ɗaya ya taso daga Gidan Rumji ya ratsa Tsibiri, wani ya taso daga Madarumfa ya biyo ta Jiratawa, su haɗu a Maraɗi. To me za a kira shi?

Ɗan Gobir: Wa alaikumus salam. Ai banlieue bayan gari ke nan. Jirgin bayan gari, an gama.

Bakatsina: Haba Bagobiri! Ka tsaya gaban surukinka ka ce mishi "bari in hanzarta, bayan gari zan shiga", ka ga ko ba buta zai miƙo maka ba. Kuma kafin wani ya kawo "jirgin kewaye", shi ma can ya nufa.

Ɗan Gobir: Bakatsina, ke dai ba ki rasa abin cewa. To jirgin karkara.

Mai fassara: Yaya, karkara ba ta zauna ba. Wannan jirgin saboda birni aka yi shi. Layukan RER biyar ne, A zuwa E, dukansu cikin Paris suke kutsawa, kuma layin A kaɗai kan ɗauki fiye da mutum miliyan ɗaya a ranar aiki. Tsibiri ma da sarkinta da fadarta, ban ga yadda za ka yarda a kira ta karkara ba.

Ɗalibar jami'a: Ni a ganina a bar shi TER mana. Mun karɓi rezo, mun karɓi lakkwal, wa ya mutu?

Tsohon malami: Ɗiyata, aro ba laifi ba ne, reluwe ma aro ce. Amma TER sunan yanka ne, ba sunan jinsi ba. Jamus na kiran nata S-Bahn, Legas ta raɗa wa layinta na Agbado zuwa Oyingbo sunan launi. In labari ya zo daga can, da wane suna za a karanta shi? Kuma ki kula, rezo da kika ambata, wato réseau, wadda a Faransanci har layukan dogo takan nufa, a nan ta riga ta zama ta waya. In kika ce "babu rezo a Jiratawa", ba wanda zai tuna da dogo.

Ga abin da na gani. Duk sunayen da aka kawo, wuri suke kallo: baya, kewaye, karkara. Abin da ya raba jirgin nan da sauran kuwa ba wurin da yake bi ba ne, halin mai hawansa ne. Mutum ne da bai yi sallama da iyalinsa ba, bai ɗaure kaya ba, ba a yi mishi "Allah ya kiyaye hanya" ba, don an san tuwon dare da shi za a ci. Gobe ma haka, jibi ma haka. Shi ya sa ake yi wa irin jirgin nan ƙofofi da yawa da filin tsayuwa, ake sayar da tikitin wata, ake ƙara yawan jirage da sassafe da kuma bayan la'asar. Hausa kuwa tana da sunan wannan hali tuntuni: makarantar kwana daban, makarantar jeka-ka-dawo daban. Don haka ni na ce jirgin jeka-ka-dawo.

Ɗan Gobir: Malam, da girmanka, wannan ai Hausar ƙetaren iyaka ce, bakin ƴan Katsina da Kano muka fi jin ta. Kuma ta yi tsawo. Me ya hana jirgin jigila?

Tsohon malami: Jigila har buhun gujiya ana yi wa, har alhazai. Ba ta nuna cewa mutum ɗaya ne ke zuwa yana komowa kullum. Maganar ƙetaren iyaka kuwa, adaidaita da kake hawa zuwa babbar kasuwa daga ina sunanta ya zo? Daga shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Kano, zamanin Shekarau. Ya ƙetaro ba a tambaye shi takarda a Ɗan Isa ba, kuma baki ya datse shi da kansa.

Bakatsina: Na so in ce jirgin ƙoshiya, tunda Faransanci ma navette yake cewa, ta masaƙa mai kai da komowa. Sai na tuna yaran yanzu ba su taɓa ganin masaƙi ba, ta kwasar tuwo za su zata. Na janye. Jirgin sammako ma ya yi mini daɗi a baki, amma ya kai mutum bai dawo da shi ba.

Ɗalibar jami'a: Jirgi mai cin gajeren zango fa?

Mai fassara: Ƙanwata, wannan ƴan jarida sun riga sun ba makamai masu linzami. In na buɗe labari da shi sai a zaci wani abin ne ya taso.

Na karɓi ta Malam, don tana haihuwa. Jirgin: jirgin jeka-ka-dawo. Masu hawansa kullum: ƴan jeka-ka-dawo. Tsarin gaba ɗaya, wato abin da Faransanci ke nufi da réseau: layukan jeka-ka-dawo. Ga gwaji, ku ji ko ya zauna a kunne: "A 2022 Senegal ta fara aikin ƙara tsawon layin jirgin jeka-ka-dawo na Dakar daga Diamniadio zuwa filin jirgin sama na Blaise Diagne."

Ɗan Gobir: Ya zauna, ba don na so ba. Amma ku rubuta ku ajiye, ranar da ya iso Tsibiri "jeka" kawai za mu riƙa ce mishi.

Bakatsina: Ku dai fara samun dogon tukuna.