Wace na'urar gano ƙarfe ta dace da mai farawa?

Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar neman ƙarafa a ƙarƙashin ƙasa, domin kuɗin da na ware wa na'urata ta farko ba su da yawa. Na rasa wadda zan ɗauka tsakanin Nokta Simplex, da ake iya nutsarwa cikin ruwa, da Minelab Vanquish, mai aika sigina iri-iri a lokaci guda. Inda zan yi nema jar ƙasa ce mai yawan sinadarin ƙarfe, irin wadda kan sa na'ura ta riƙa ƙara babu dalili. Wacce ta fi jure wannan? Sannan ƙaramar na'urar hannu mai nuna takamaiman wurin abu cikin rami, shin dole ce tun yanzu, ko in fara sayen shebur mai ƙwari?