Labarin yaron besbol da aka rage wa shekaru: wa ya taɓa ba yaransa?

Wata uwa daga Bronx:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana mai shekara 10 ya shiga ƙungiyar besbol ta unguwarmu bana. Ya ƙi zuwa atisaye sau biyu, koci ya ajiye shi a benci ranar Asabar. Ya dawo yana cika yana batsewa, wai in buga waya in ce ba shi da lafiya ne. Na zaunar da shi a kicin ina yanka albasa, na ba shi labarin Danny Almonte.

A 2001 wata ƙungiyar yara daga nan Bronx ta je babbar gasar Little League a Williamsport, jihar Pennsylvania, gasar da ba a wuce shekara 12. Danny ne mai jifansu, wato mai jefa ƙwallo ga masu bugu da gora, bahago. A wasansu da Apopka ta Florida yara 18 suka tsaya gabansa da gora, babu ko ɗaya da ya tsira, 16 daga ciki da jifa kawai ya fitar da su. Suka zo na uku, birni ya ɗauka. Sai takarda ta fito daga ƙasarsu Danny, Jamhuriyar Dominika, cewa a 1987 aka haife shi, ba 1989 ba. Shekarunsa 14. Aka soke duk nasarorin ƙungiyar, aka haramta wa mahaifinsa da shugaban ƙungiyar shiga harkar har abada.

Ɗana ya yi shiru, can ya ce, "Mama, to sauran yaran me suka yi?" Bai sake maganar waya ba. Akwai wanda ya gwada irin wannan?

Wani malamin Islamiyya daga Harlem:

Hajiya, Allah ya yi masa albarka. Ni ba na kai labarin ƙarshe. Ina tsayawa daidai inda ake murna, in ce, "Kai ne abokin wasansa, ka san shekarunsa, gobe wasa. Me za ka yi?" Ajin sai ya rabu biyu, har da masu ɗaga murya. Ranar da ba na mantawa, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ba shi ya cika takardar ba, manya suka zaɓa masa." Gaskiyarta, hukumar gasar ma ba ta ɗora wa yaron laifi ba. Tun daga nan na daina ba da shi a matsayin labarin yaro maƙaryaci. Abin da ke taɓa yara shi ne ganin wanda bai ci nanin ba, nanin ta ci shi.

Wani uba daga Chicago:

Mu namu a gida ya faru. Jackie Robinson West, ƙungiyar besbol ta yaran nan Chicago, suka zama zakarun Amurka na Little League a 2014, har Obama ya karɓe su a Fadar White House. A Fabrairun 2015 aka ƙwace kambun saboda manya sun faɗaɗa iyakar unguwa a taswira don su sa yaran da ba 'yan yankin ba. Ɗana yana da rigarsu a lokacin. Ya naɗe ta ya sa a ƙasan akwati, bai sake sawa ba, bai kuma yarda a bayar ba.

Wani uba daga Kaduna:

Nawa ba su san besbol ba, sai na bar labarin yadda yake na bayyana musu da ƙwallon ƙafa, tunda rage shekaru ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna kan tabarma bayan isha'i, babban ya dube ni ya ce, "Baba, kai shekarun da ke takardar aikinka su ne na gaskiya?" Wallahi gabana ya faɗi. An rage min biyu tun ina neman aiki, kuma na sani. Na ce masa a'a, na faɗa masa yadda aka yi, da cewa wataƙila akwai wanda ya rasa gurbin saboda ni. Malam, Hajiya, duk wanda zai ba da labarin nan ya shirya wa wannan tambayar. Har yau ina juya ta a raina, shi kuwa yaron zai cika fom ɗin makarantar ƙwallo wata mai zuwa, ya ce in bar shi ya rubuta ranar haihuwarsa da hannunsa.